Masauki mai kicin a bakin teku: shin arahar ta gaskiya ce?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ma'aikaci ne a nan Kano. Na daɗe ina tara kuɗi domin in kai iyalina su ga teku a dogon hutun makaranta: ni da maiɗakina, da yara uku, da mahaifiyata. Mun tsaya tsakanin Mombasa ta Kenya da Zanzibar ta Tanzaniya. Na ga wasu masaukai a intanet masu falo da kicin da ɗakunan kwana, an rubuta suna kusa da bakin teku, kuma kuɗinsu bai kai rabin na manyan otal ba. In kama irin wannan, ko akwai lauje cikin naɗi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah Ya sa albarka a wannan niyya, Ya ƙara wa Hajiya lafiya. Ka kama. Aikina ke nan shirya wa mutane tafiya, kuma ga iyali mai mutum shida irin naku ban ga abin da ya fi wannan masauki dacewa ba. A otal sai kun ɗauki ɗaki biyu ko uku, wataƙila ma ba a hawa ɗaya ba, Hajiya tana can ita kaɗai a bayan wata ƙofa. A nan kuwa ƙofa ɗaya ce ta rufe ku duka, mata su cire mayafi su sake a falo, ku yi jam'i, yaro ya ji yunwa da tsakar dare a dafa masa abu. Amma arahar tana da dalili, kuma dalilin shi ne an cire hidima. Gida aka ba ka haya na 'yan kwanaki. Duk abin da ma'aikatan otal suke yi wa baƙo, ko dai ka biya shi daban, ko wani daga cikinku ya yi shi da hannunsa.

Fara fahimtar yadda ginin yake. Yawancinsu ba su da ubangida ɗaya. Kamfani ne ya gina bene, ya sayar da sassansa ɗai-ɗai. Wani ya sayi na ƙasa, wani na hawa na uku, wani yana zaune a Nairobi, wani yana Turai bai kwana a ciki ba tun da ya saya. Kowa ya zuba kaya daidai ƙarfinsa da kulawarsa. Kamar gini ne a Kantin Kwari: suna ɗaya a ƙofa, amma kowane shago da mai shi. Saboda haka hoton da ka gani zai iya zama na sashen da ya fi kowanne kyau, kai kuma a miƙa maka makullin na bayansa, mai kallon katanga, mai katifar da ta lotsa. Yabon da baƙi suka rubuta a Booking.com ko Airbnb ma ka karanta shi da wannan ido. Wanda ya ce wurin aljannar duniya ne da wanda ya ce ko kyauta ba zai koma ba, duk suna iya faɗin gaskiya, sassa daban suka kwana. Ka fi ba da nauyi ga abin da aka rubuta a watannin baya-bayan nan, domin iskar teku tana ɗauke da gishiri, gishiri kuma yana cin ƙarfe. Na'urar sanyaya ɗaki, da makulli, da famfo, da firji, duk suna tsufa a can da saurin da ba mu saba gani ba a busasshiyar iskar Kano. Wurin da aka yaba shekara biyu da suka wuce yana iya zama ya lalace.

Maganin wannan ɗaya ne. Kafin ka biya, ka sa a rubuto maka lambar sashen da za a ba ku da hawan da yake, sannan ka nemi a kira ka ta bidiyo a WhatsApp a zagaya da kai cikinsa. A buɗe famfon banɗaki ka ga ƙarfin ruwan, a kunna na'urar sanyaya ɗaki, a buɗe firji, a leƙa da kai ta taga. Mai gida na kirki ba ya jin haushin wannan. Wanda ya fara kame-kame, ka bar shi, masaukai ba su ƙare ba. Tun da kuna tare da Hajiya, ka dage a kan hawan ƙasa ko na farko, don da yawa daga cikin masu arahar ba su da na'urar hawa bene, wanda yake da ita kuma wuta ce take tafiyar da ita. Kuɗi kuma ka biya ta cikin shafin da ka ga tallar. In aka ce ka turo kai tsaye za a yi maka ragi, kada ka yarda, don in an cuce ka babu wanda za ka kama.

Sai maganar "kusa da teku". Wannan kalma ba ta da ma'auni. A Diani, wadda take kimanin kilomita 30 kudu da Mombasa, titi ɗaya ne ya miƙe yana bin gaɓa. Manyan otal sun tare ɓangaren teku, masaukai masu araha suna ɗaya ɓangaren. A taswira za ka ga tsakaninka da ruwa bai wuce mita 300 ba, amma tsakanin akwai katangar otal, sai ka bi titi ka nemo lungun da aka bar wa jama'a. Yashin bakin tekun na kowa ne, hanyar isa gare shi ce matsalar. Don haka ka buɗe taswirar Google ka auna tafiyar ƙafa daga ƙofar masaukin zuwa yashi, kada ka auna da ido. Tafiyar minti 15 cikin zafin rana ba komai ba ce gare ka, amma ga dattijuwa da ƙaramin yaro, zuwa da dawowa sau biyu a yini, ya zama kuɗin A Daidaita Sahu kullum. Akwai shi a can birjik, tuktuk suke ce masa, sai dai ba zai ɗebe ku shida a sahu ɗaya ba.

Akwai kuma abin da mutumin da ya tashi nesa da teku ba ya kawowa a ransa: ruwan ba ya tsayawa wuri ɗaya. Sau biyu a yini yake cikowa, sau biyu yake janyewa, kuma lokacin yana jinkirta da kusan minti 50 kowace rana. A gaɓar gabashin Afirka bambancin cikowa da janyewa yakan kai kusan mita 4 a kwanakin da ya fi ƙarfi. Mu da muke lissafi da wata ba za mu sha wahalar gane kwanakin ba, su ne farkon watan Musulunci da tsakiyarsa, lokacin tsayuwar wata da lokacin da ya cika. A gabashin Unguja, babban tsibirin Zanzibar, wato ƙauyukan Paje da Jambiani da Bwejuu, in ruwa ya janye yakan yi nisan da sai dai ka hango shi, ya bar fili na yashi da duwatsu inda mata suke noman ciyawar teku. Abin kallo ne mai kyau, amma yaron da aka yi wa alkawarin wanka zai jira sa'o'i. Nungwi da Kendwa, a arewacin tsibirin, ruwansu ba ya gudu haka, shi ya sa kwana a can ya fi tsada. Diani, da Bamburi da Nyali da ke arewacin Mombasa, suna da shingen duwatsun murjani can ciki wanda yake karya ƙarfin igiya, sai ruwan gaɓa ya kwanta, amma su ma yana janyewa sosai. Hatsarin yana wajen dawowarsa. Mutum ya bi fili ya yi nisa yana ɗaukar hoto, ruwa ya zagayo ta bayansa ta wani kwari ya raba shi da tudu. Ka duba jadawalin cikowar teku kowace safiya, masu masauki suna da shi, a waya ma ana samu. Kowa ya sa takalmin roba, don a cikin duwatsun akwai wata baƙar halitta mai dogayen ƙayoyi da suke karyewa a cikin tafin ƙafa.

Ina roƙonka a kan yara. Yawancin yaranmu ba su iya ruwa ba, waɗanda suka iya a kududdufi ko a Tiga ma ba teku suka sani ba. Masauki mai araha kusan ba ya ajiye mai tsaron wurin ninkaya, kuma wurin yana nan a tsakar gida dare da rana, sau da yawa ba shinge. Babban mutum ɗaya ya zama aikinsa ke nan a kowane lokaci, idonsa a kansu, waya a aljihu. Ka duba ƙarfen baranda ma, ko tazararsa za ta iya wuce kan yaro.

Ruwan famfo da wuta su ne suke raba masauki mai araha na kirki da na wahala. Da yawa rijiyar burtsatse suke amfani da ita, kuma kusa da teku ruwan ƙasa yakan zo da ɗanɗanon gishiri. Sabulu ba ya kumfa sosai, shayi ba ya daɗi. Alwala da shi babu laifi, tun da ruwan tekun kansa mai tsarkakewa ne, amma na sha da na girki sai ka sayi babbar gora ta lita 20, ka kuma tambaya ko akwai abin ɗora ta a kicin. Wuta kuwa, tambayar "akwai janareta?" ba ta isa ba. Tambayi me yake ɗauka, fitilu da fanka kaɗai, ko har da na'urar sanyaya ɗaki da injin da yake tura ruwa tanki, kuma ƙarfe nawa ake kashe shi. Zanzibar daga babban yankin Tanzaniya take samun wutarta ta wayar da aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku. Da wayar ta samu matsala a Disambar 2009, sai da tsibirin ya yi kusan wata uku a duhu, har Maris ɗin 2010. An shimfiɗa sabuwa bayan haka, amma ɗauke wuta na sa'o'i bai ƙare ba, musamman a ƙauyukan gaɓa. Kada ka ce ai mu 'yan Kano ne, wane zafi ne ba mu gani ba. Namu yana haura digiri 40 a Afrilu amma busasshe ne. Nasu yana tsayawa wajen 30 da ɗoriya, sai dai iskar a jiƙe take, gumi ba ya bushewa, wanki ma yakan kwana bai bushe ba. Sa'arku ita ce hutun Agusta ya faɗo a lokacin da ya fi sanyi a shekararsu, iskar kudu tana kaɗawa, fanka da buɗaɗɗiyar taga mai raga sukan wadatar da dare. Iskar dai takan turo ciyawar teku gaɓa, ta ɗan tayar da ruwa. Ruwan sama mai yawa daga ƙarshen Maris ne zuwa Mayu, lokacin da kuɗin kwana yake faɗuwa ƙasa. Ƙarshen Disamba kuwa mutanen Nairobi suke kwararowa Mombasa, komai ya ninka. Agusta ma lokacin baƙi ne, don haka kada ka bari sai ana saura mako biyu.

Kuɗin da aka rubuta a saman talla ba shi ne abin da zai fita daga aljihunka ba. A ce an rubuta dala 60 a kwana. Ka gangara ƙasa ka ga ko na mutum nawa ne, don wasu na mutum huɗu suke rubutawa, kowane ƙarin kai da kuɗinsa. Akwai kuɗin shara da ake biya sau ɗaya. Akwai kuɗin ajiya da za a riƙe saboda ɓarna, a mayar maka ranar fita. A wurare da yawa wuta ba ta cikin lissafi, mita ce mai kati, kai za ka riƙa zuba mata, kuma na'urar sanyaya ɗaki uku a kunne dare da rana suna shan kati kamar me. Gas in ya ƙare wa zai cika? Tawul da zanen gado sau nawa ake canzawa? A Zanzibar akwai harajin da ake karɓa a kan kowane baƙo a kowane dare. Duk ka sa a rubuto maka su a saƙo ɗaya, ka tara, ka raba da yawan kwanaki, sannan ka gwada da kuɗin otal mai ba da karin kumallo. Yawanci masaukin zai ci gaba da rinjaye, amma da tazarar da ba ta kai wadda ka fara gani ba.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, kuma shi ne maza ba sa sawa a lissafi. Mafi yawan kuɗin da za ka tsira da su daga kicin za su fito, kicin kuma wani ne zai tsaya a cikinsa. In maiɗakinka za ta tashi da asuba ta haɗa karin kumallon mutum shida, ta wanke kwanuka, ta ɗora na rana, ta wanke kayan yara masu yashi, ta ɗora na dare, a kicin ɗin da ba ta san shi ba, da tukwane biyu da wuƙar da ba ta yanka, to ku biyar ne kuka je hutu, ita aiki ta canza wa wuri. Na ga matan da suka dawo daga irin wannan tafiya sun fi gajiya a kan yadda suka tafi, tekun ma daga baranda suka gan shi. Ku zauna ku yanke wannan tun a Kano. Abin da nake ba da shawara shi ne karin kumallo da abu mai sauƙi da dare a gida, abincin rana a waje. Gaɓar nan ta Musulmi ce tun ƙarnoni, masallacin Kizimkazi da ke kudancin Unguja yana ɗauke da rubutun shekarar 1107, don haka halal ba abin nema ba ne a gidajen abincin 'yan gari. Akwai pilau da biriyani, da shinkafa da madarar kwakwa, da capati, da gasasshen kifi, kuma kuɗinsu bai kama ƙafar na gidajen abincin bakin ruwa da aka buɗe don Turawa ba. Hanya ta biyu ita ce ɗaukar mai girki na yini. Abu ne da aka saba a masaukan Diani da Mombasa, mai kula da gidan zai haɗa ku, ku sayo kaya shi ya dafa ya wanke. Ko kwana uku kuka ɗauke shi a cikin mako, kuɗin ba zai kai na fita cin abinci ba. Cefane kuma naka ne, Malam, kai da babban yaro. A Mombasa akwai kasuwar Kongowea da Marikiti, akwai manyan kantuna irin su Naivas da Carrefour a Nyali da Diani, a Zanzibar kuma akwai Darajani. Kifi da safe ake sayensa wajen masunta, a yi ciniki kafin a taɓa shi.

Hajiya ba lallai ta jure abincin kwakwa kullum ba. Ku tafi da kuka da busasshiyar kuɓewa da daddawa da yaji. Garin masara yana ko'ina a can, shi ne abincinsu na yau da kullum, tuwo ba zai gagara ba. Amma kada ku ƙulla su a leda yadda muka saba. Kenya ta haramta leda tun 2017, Tanzaniya ta bi sahu a 2019, kuma dokar ta shafi baƙo tun daga filin jirgi. A zuba a robobi masu murfi. Kilishi da dambun nama ku bar su a gida, kayan nama su ne jami'an kan iyaka suka fi tsanantawa a kai.

Tsakanin wuraren biyu, ga mai lissafin kuɗi da mutum shida, ni Mombasa zan ce. Masaukai irin waɗannan sun fi yawa a Nyali da Bamburi da Shanzu da Diani, gasa ta sa kuɗinsu ya sauka, ga asibitoci da kantuna kusa. Kenya kuma ta sassauta wa mafi yawan 'yan Afirka sharuɗɗan shiga a 2025. Tanzaniya ta sa Najeriya cikin ƙasashen da ba a ba 'yan ƙasarsu biza a filin jirgi, sai an nema tun daga gida an jira amincewa, abin da yakan ci makonni. Ga shi tun Oktoban 2024 Zanzibar ta wajabta wa baƙi sayen inshorarta, dala 44 ga babban mutum. Ka lissafa kuɗin biza da inshora na ku shida ka gani. Dokokin shiga suna canzawa, don haka ka duba shafin hukumar shige da fice ta ƙasar kafin ka yanki tikiti. Daga filin jirgin Malam Aminu Kano, Ethiopian Airlines yana zuwa Addis Ababa, daga can akwai jirgi zuwa Mombasa da kuma Zanzibar, ba sai kun bi ta Legas ba. Kowa yana buƙatar katin rigakafin cutar shawara. Allurar sai ta kwana 10 take fara aiki a ƙa'ida, kuma tun 2016 guda ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa. In za ka canji dala a Wapa, ka ce a ba ka sababbin bugu marasa yagewa ko tabo, don 'yan canjin can suna ƙin tsofaffi ko su karya musu daraja. Sauro yana nan, zazzaɓinsa ma yana nan, a tabbatar kowane gado da gidan sauro.

Ka duba maƙwabtan masaukin kamar yadda ka duba cikinsa. Wasu sassan Bamburi da Mtwapa, da Kendwa a Zanzibar, wuraren kiɗan dare ne, kuma a gini mai masu gida da yawa ba ka san wanda zai kama sashen da ke jikin naku ba. Tambayi ko akwai mashaya a harabar, ko ana ba da wurin haya don biki a ƙarshen mako. A bakin ruwa za ku ga Turawa da shigar wankansu, wannan babu makawa, amma bayan sallar asuba yashin kusan naku ne ku kaɗai, kuma matan garin da doguwar riga suke shiga ruwa, babu wanda zai kalli iyalinka. Masu tallar yawon kwalekwale da hawan raƙumi za su yi ta zuwa, a gaisa, a ce an gode, in za a hau a gama ciniki tukuna, kuma kwalekwalen da ba shi da rigar ceto ga kowa kada a shiga.

Batun salla, agogonsu yana gaban namu da awa 2. Alƙibla kuma ba gabas ba ce. Mombasa tana kudu da Makka kusan a miƙe, saboda haka arewa ake fuskanta. Wanda sabo ya ja ya kalli inda rana take fitowa, teku ya fuskanta. In ka tsaya tekun yana hannun damanka, ka kusa daidai, sai ka tabbatar da masallacin unguwa. Tun da za ku haura kwana huɗu a wuri ɗaya, cika salla za ku yi a masaukin, kasaru na kan hanya ne.

Ranar da kuka isa, kafin a kwance jaka, ka zagaya da mai kula da gidan kana ɗaukar bidiyo: kofin da ya tsage, tabon kujera, lambar da mita take nunawa, yawan makullai. Ka tura masa a WhatsApp nan take don kwanan wata ya zauna a kai. Da wannan za ka karɓi kuɗin ajiyarka cif ranar fita. Irin waɗannan masaukai kuma ba su da mai jiran baƙi da dare kamar otal, wani lokaci maigadi ne kawai yake riƙe da makulli. In jirginku zai sauka cikin dare, ka karɓi lambar wanda zai buɗe muku tun kuna Kano, ka sa masaukin ya turo motar da za ta ɗauke ku shida da kaya, a kuma ajiye muku ruwan sha da burodi da madara a firji, don ba za ku samu shago a buɗe ba a wannan lokaci.